Gadon da Falmata Ta Ƙona

Duk matar da ta aurar da 'ya a Lamisula ta Maiduguri ba ta tsuguna a tsakar gidan Ya Falmata mai turare ba, to baƙuwa ce a unguwar. Falmata ba ta da shago, ba ta kuma taɓa ɗora wa kowa talla ba. Ƙamshi ne ke kira mata masu saye. Tun daga bakin layi yake tare mutum, na kajiji daban, na sandal daban, na farcen turaren da take soyawa kuwa sai an daure masa kafin ya zama abin so. Doguwa ce, baƙa, ba a raba ta da lafaya ko tana gaban murhu, kuma Allah ya ba ta baki. In uwar amarya ta ce turaren ya yi tsada, Falmata takan ce ta je ta turara ɗakin da ɓawon albasa, shi kyauta ne.

Da Barbarci take magana a gida, da shi take addu'a, da shi take zagi in abin ya kai zuciya. Hausa kuwa ta ciniki ce a bakinta, ta riƙe ta kamar ludayin aro. Takan ce wa mace "shi", ta ce wa ƙato "ita". Maƙwabciyarta Zainaba mai waina, wadda iyayenta suka zo daga Kano tun ba a haife ta ba, ta yi shekaru tana mata dariya a kan haka.

"Ya Falmata, wai mijin ne ya haihu ko matar?"

"Kin gane ko ba ka gane ba? To shi ke nan!"

Haka suke. Ba sa kwana biyu ba su taɓa ba, kuma ba a dafa abu mai daɗi a gidan ɗaya ba a miƙa wa ɗaya ta kan katanga ba.

Asalin su Falmata Baga ne, bakin Tafkin Cadi. Mahaifinta falke ne, bandar kifi yake kawowa Maiduguri har ya sayi gida a Lamisula. A gidan nan kafin yaro ya gama haƙora an fara murmushe masa busasshen kifi a miya. Gwaggonta, ƙanwar uban, ita ta koya mata haɗa turare, ita ce kuma ta zama surukarta, don ɗanta Ba'ana Falmata ta aura, auren gida da kowa ya yi murna da shi har su ma'auratan. Gwaggon ba ta yi tsawon rai ba. Wuyanta ya kumbura, muryarta ta koma ta hanci, ta rasu can Baga. Aka ce hannu aka sa mata, aikin abokan sana'a ne masu baƙin ciki. Kowa ya yarda, don turarenta ya fi na kowa.

Bayan wasu shekaru uban ya kamu da murar da ba ta jin magani. Sai kunnen hagu ya toshe, sai haɓo, sai ƙullutu a gefen wuya. Wanzami ya yi ƙaho, malamai suka yi rubutu, abin sai gaba yake yi. A kan gadonsa ya cika, wani gadon ƙarfe mai rumfa da ya sayo a Cadi yana saurayi, mai ƙwallayen tagulla da ƙananan madubai a wajen kai, wanda in aka juya a kansa sai maƙwabta sun ji. Da aka zo rabo, gidan ya zama na kowa, gadon kuma ya faɗa hannun babban wan su Falmata, Babakura. Ya yi ta taƙama da shi, ko matarsa sai da alwala take gyara shi.

Sai rikici ya zo. Yaran nan, kamar yadda mutanen gari ke kiransu don ba a son kama suna, suka tare hanyar Damaturu wata safiya, Ba'ana na cikin direbobin da ba su dawo ba. Falmata ta yi takaba ana jin harbi. 'Ya'ya biyar ta haifa, ɗaya Allah ya raya mata, Imran. Da aka hana acaɓa a gari ya koma tuƙa keke napep. Duk abin da ya rage mata a duniya yana cikin keken nan mai ruwan ɗorawa, kuma abinci ba ya wuce mata sai ta ji tsayawarsa a ƙofar gida.

Ana cikin haka Babakura ya fara mura. Ranar da ya ce kunnensa na hagu ya toshe, Falmata ta ajiye abin da ke hannunta ta zuba masa ido. Da ta ga jini a hankicinsa ba ta tsaya neman wanzami ba, ta sa Imran ya kwashe su zuwa babban asibiti. Aka yi ta kai da kawo, aka yanki ɗan nama daga can cikin hancin aka kai gwaji. Da sakamako ya fito, likitan ya kira ta ofis ita kaɗai, don matar Babakura ta kasa tsayuwa saboda kuka. Dakta Dzarma ake kiransa, siriri mai furfura, mutumin kudancin Borno. Da Turanci ya yi karatunsa, da Hausar da shi ma ya tsinta a hanya yake bayyana wa marasa lafiya.

"Mama, sankara ce," ya ce. "Can bayan hanci, inda hanci ya haɗu da maƙogwaro. Ta daɗe, har ta sauka wuya. A gidanku an taɓa yin mai irin wannan?"

Falmata ta gyaɗa kai. "Babanmu. Haka ta yi. Kunne, jini, wuya."

Likitan ya ajiye biro. "Na yi zato. To ki saurare ni da kyau. Wannan ciwo wani lokaci yana bin gado. Saboda haka duk wanda..."

Bai ƙarasa ba. Wata ƙara ta tashi daga wajen kasuwa, tagogi suka girgiza, agogon bango ya faɗo. Kafin a ce wani abu nas ta banko ƙofa tana cewa an fara kawo mutane. Likitan ya fita da gudu yana cewa ta jira shi. Ta jira, a tsaye, ana wucewa da mutane jina-jina ta gabanta, har Imran ya shigo idonsa jajir ya fizgi hannunta zuwa keke, don an ce za a rufe hanyoyi.

A cikin keken ba ta ji jiniya ba, ba ta ga sojoji ba. Kalma ɗaya ce ke buga mata a ka. Gado! Ba shakka ta san gadon da ake rabawa, ai a gabanta malamai suka raba na ubanta. Amma wannan gida ne, gona ce, kwale-kwale ne. Wa ya taɓa jin an zauna an raba ciwo? Ga gado nan kuwa na gaske a ɗakin Babakura, uba ya mutu a kai, ɗa ya hau, ɗa ya kwanta da ciwon uban sak. Ita da ta yi shekaru tana shiga ɗakin da kasko tana turara shi! Ashe mugun abu suke kwana da shi a gida, har ana masa alwala.

Babakura na can kwance a asibiti, ita kuwa da isarta gida ko lafaya ba ta canza ba. Ta jawo katifar rimi tsakar gida, ta watso matasai da zannuwa da labulen rumfa, ta tuttula kalanzir ta ƙyasta ashana. A shekarun nan ba a ganin hayaƙi a yi shiru, balle ranar da bam ya tashi. 'Yan gora, samarin da ke tsaron unguwa, suka faɗo gidan da sanduna. Zainaba ta leƙo ta katanga tana salati, matar Babakura da suka dawo tare ta ɗora hannu a ka.

"Kuɗin cizo!" Falmata ta daka musu tsawa. "Ba ku taɓa ganin an ƙona kuɗin cizo ba? Ku fita min!"

Suka fita sum-sum. Washegari ta kira mai walda ya yanka ƙarfen gunduwa-gunduwa, don kada wani bawan Allah ya tsinta a bola ya haɗa ya kwanta. Madubai kuwa da hannunta ta farfasa su. Ƙwallayen tagullar ta jefa a masai. Sannan ta tsare Imran a zaure ta riƙe masa kwalar riga.

"Ka rantse min. Ka taɓa kwanciya a gadon nan? Ko sau ɗaya, ko kana yaro?"

"Ya, wa zai bar ni? Kaka ko taɓawa ba ya bari a yi, Kawu kuwa ya fi shi. Wallahi ban taɓa ba."

Nan ta faɗi ta yi sujada a ƙasa. Ba ta faɗa masa dalili ba, ba ta faɗa wa kowa ba. In ya fita cewa a gidan mai turare akwai ciwon da ke bin gado, wace uwar amarya ce za ta sake sayen abin turara gadon 'yarta a wurinta? Ta rufe bakinta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da take. Ofishin likitan ma ba ta koma ba, a ganinta ta riga ta ji abin da ya kamata ta ji. Babakura bai kai sallah ba. Ta yi kukansa sosai, amma can ƙasan kukan akwai wata natsuwa: yayanta ya tafi, abin kuma ya ƙare a kansa, don da hannunta ta ƙone shi.

Shekara biyu da wani abu suka wuce. Gari ya ɗan lafa, aka koma biki, ciniki ya dawo. Imran ya zama magidanci a ido, har ya fara tsayawa da keke a wani gida a Umarari fiye da yadda sauke fasinja yake bukata, Falmata kuma ta fara ware turare mai kyau tana ɓoyewa. Sai wata rana ya ce kunnensa ya toshe. Ta ce ƙarar keke ce. Ya yi haɓo, ta ce zafin Maiduguri ne, wa bai yi ba? Ta dafa masa ganye ya yi sirace, ta ɗiga masa man zaitun. Shi da kansa ya taɓa cewa, "Ya, ba haka Kawu ya fara ba?" Ta rufe shi da faɗa, ta ce kada ya sake yi wa kansa mugun baki, nasa daban, ita ta san abin da ta sani.

Abin takaici ne, wallahi. Matar da ke gane jabun sandal tun mai shi bai kwance leda ba, matar da ta ga ciwon nan sau biyu da idonta, ta zauna tana kallonsa karo na uku wata da watanni tana kiransa mura. Ba sakaci ba ne, ba kuma rashin so ba. Tsananin yarda ce da abin da kunnenta ya ji.

Zainaba ce ta gani. Imran ya tsaya sayen waina da safe, ya juya zai amsa gaisuwar wani, kwalar rigarsa ta zame. Ta bar tanda a wuta ta shigo gidan Falmata ko mayafi babu.

"Ya Falmata, kin ga wuyan yaron nan?"

"Na gani. Sanyi ne."

"Wane irin sanyi? Irin na Babakura ne sak! Ki kai shi asibiti yau ɗin nan."

Falmata ta yi murmushi irin na wadda ta daɗe da riƙe sirri. Ta duba ƙofa, ta rage murya, ta kwashe labarin duka ta faɗa mata, har da 'yar taƙama: abin da likita ya ce, da wutar da aka ce ta kuɗin cizo ce, da mai walda, da rantsuwar Imran. "Kin gani? Ita bai taɓa kwanciya a kai ba."

Wannan karon Zainaba ba ta yi dariyar "ita" ba. Fuskarta ta canza.

"Tsaya. Me likitan ya ce? Faɗa min yadda ya faɗa."

"Ta ce yana bin gado."

"Bayan ya tambaye ki ko an taɓa yi a gidanku?"

"E mana."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Zainaba ta zauna daɓas a kan turmi. "Ya Falmata, ba gadon kwanciya yake nufi ba. Gaado!" Ta ja kalmar ta sauke ta. "Na jini! Irin yadda Imran ya gaji tsayinki, ya gaji goshin ubansa. Abin da uba ke bar wa ɗa a jiki. Cewa zai yi ki kula da duk ɗan gidan!"

Falmata ta dube ta. Farcen da ke kan wuta ya ƙone, wari ya cika gidan, ba ta ji ba. Ta maimaita kalmar a hankali, ta maimaita ɗayar, a kunnenta duk ɗaya suke. A Barbarci abubuwan nan biyu ko kama ba su yi a suna ba. Wane irin harshe ne wannan da zai ba abin kwanciya da abin da ke cikin jini suna ɗaya, ya bar bambancin a ɗan jan murya?

"Shekara biyu," ta ce, da Barbarci, ba da Zainaba take ba. Sai ta miƙe ta fita titi ba takalmi tana ƙwala wa Imran kira.

Su uku suka je, don Zainaba ta rantse ba za a sake yin Hausa a ofishin nan ba tana waje. Dakta Dzarma bai gane Falmata ba, amma ranar bam ɗin ya tuna ta sarai. Da Zainaba ta ba shi labarin wutar, ya cire tabarau ya dafe kai. Sannan ya tattaɓa wuyan Imran, ya leƙa kunnen, ya leƙa hancin, ya tura shi ɗaukar hoto. Ya juyo ga Falmata yana magana a hankali, Zainaba na sake faɗa mata da wata Hausar.

Ya ce akwai wata ƙwayar cuta da kusan kowa ke ɗauke da ita tun yana yaro, tana kwance ba ta yin komai. A wasu gidajen jiki ba ya iya tsare ta yadda ya kamata, kuma wannan rauni a jini ake gadonsa. In aka haɗa da yawan hayaƙi da busasshen kifi tun ƙuruciya, sai hanya ta ƙara buɗe mata. Ba kowane ɗan gida ke kamuwa ba, da yawa sukan tsufa lafiya. Amma gidan da aka yi mutum biyu, ba a wasa da toshewar kunnen na uku.

"Bayan babanki da yayanki, akwai wani?"

Falmata ta girgiza kai. Zainaba ce ta ce, "Gwaggonki fa? Wadda kika ce an sa wa hannu?"

Falmata ta zabura. Gwaggo, wadda ta mutu a Baga a kan tabarma, wadda ko ganin gadon ƙarfen nan sai in ta zo gari!

"Gwaggon ta bar 'ya'ya?" likita ya tambaya.

"Mijina," Falmata ta ce. "Uban Imran."

Ashe ta uwa da ta uba, jini ɗaya ne ya haɗu a jikin Imran.

"Amma bai taɓa kwanciya..." Ta fara maganar da ta riƙe ta shekara biyu, sai ta tsaya a tsakiya. Hannunta ya sauka kan cikinta ta saman lafaya. "Ya kwanta," ta ce. "Wata tara ya kwanta. Ashe ni ce gadon."

"A'a, Mama, kada ki ce haka," likitan ya ce da sauri. "Ke ma ba ki zaɓa ba, ba ki aka yi. Laifin ba na kowa ba ne."

Ba ta ji shi ba. Tambaya ɗaya ta yi, ko an makara. Ya faɗa mata gaskiya: da an zo tun kunnen ya fara toshewa, da aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma a yadda ya gani bai kai na Babakura ba, kuma Imran yaro ne mai ƙarfi. Za a kwantar da shi a yanki nama a tabbatar. In ya tabbata, sai an fita da shi wani gari inda injin da ake gasa sankara da shi ke aiki, don a nan babu. Falmata ba ta tambayi ta wace hanya ba. Hanya ɗaya ce ta rage ana fita daga Maiduguri, ita ce wadda ta cinye mata miji.

Suna zaune a benci har bayan azahar, sai wata nas mai suna Pindar ta fito da fara'arta. "Mama, kun yi sa'a, an samu gado."

Falmata ta miƙe zumbur, idonta waje. Zainaba ta riƙo hannunta.

"Na kwanciya, Ya Falmata. Na kwanciya."

Gadon ƙarfe ne shi ma, fari, fentin ya ɓare. Falmata ta tsaya tana kallonsa, sannan ta buɗe jaka ta ciro zanen da ta taho da shi, wanda ya sha kasko har ƙamshin ya kama zarensa. Tana shimfiɗa shi ɗakin ya ɗauka. Masu jinya suka juyo, wani tsoho a lungu ya ce masha Allah, nas Pindar ta tambaya a ina ake sayarwa. Imran ya kwanta a hankali saboda wuyan. Ya jawo gefen zanen ya kai hancinsa, ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Ya," ya ce da Barbarci, "wannan ba ki turara shi ba?"

Falmata ta dubi Zainaba, Zainaba ta kawar da kai.

"Na manta, ɗana," ta ce. Ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafar gadon da hannu biyu.